Zan bar wa ƙanwata layin shago, amma sunana ne a kansa

Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da kayan kicin, kuloli da tukwane da kayan jeren amare, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma rabin cinikina ta WhatsApp yake shigowa. Bayan Babbar Sallah za a ɗaura mini aure in Allah ya yarda, zan tare a Sakkwato. Mun shirya ƙanwata mai shekara 22 ta riƙe shagon, jari nawa, riba mu raba. Damuwata layin waya ne. Shekara takwas kwastomomi suka san shi, shi ne a allon shago da jikin ledojinmu, amma da NIN ɗina aka yi masa rajista, shi ne a bankina da BVN ɗina, shi ne kuma lambar OPay da ake turo mana kuɗi. Da shi nake hira da kowa nawa. Umma ta ce in cire sim in miƙa mata kawai, wai ina aka taɓa zuwa ofis tsakanin 'yan ciki ɗaya. Wanda zan aura ya ce kada in bar wa kowa layin da ke ɗauke da sunana. Ƙanwata har ta fara cewa in ban yarda da ita ba in faɗa mata tun yanzu. Ga yaron shagonmu, shi ma ya san lambar buɗe wayar, don shi ke amsa saƙo in na tafi salla. Ya zan yi ba tare da na ɓata da kowa ba?

Mai kayan kicin, Unguwar Sanusi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Shawarata ita ce ki bar wa ƙanwarki layin, amma ki bar mata shi gaba ɗaya, har sunan da ke rajista ya koma nata, bayan kin kwashe duk abin da yake naki daga kansa. Kada ki tafi da shi Sakkwato, domin lambar da kwastomomi suka haddace shekara takwas tana cikin jarin shagon, ko da ba a ƙirga ta da kuloli. Kada kuma ki zare sim ki miƙa da sunanki a kai. Wannan ta biyun ita ce ta fi kama da sauƙi, kuma ita ce na fi jin tsoro a kanku ku biyu.

Angonki ya yi gaskiya a kan sunan. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce kowane layi a haɗa shi da NIN. Mu a Kaduna ba sai an tuna mana yadda maganar ta yi tsanani ba: an kai hari kan jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, mako guda bayan nan, ranar 4 ga Afrilu, aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Abin da wannan ke nufi a gare ki shi ne, a idon kamfani da hukuma, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ko a aljihun wa sim ɗin yake kwana. In aka fizge wayar a cunkoson kasuwa ranar jajibiri, aka yi damfara ko aka kira wani da barazana da ita kafin a rufe, sunanki za a fara gani, gidan aurenki za a fara nema.

Ki bar ma batun ɓarayi. Sim yana lalacewa, waya tana faɗawa ruwa, ana mance ta a keke. Ranar da za a yi welkam bak, wato a dawo da lambar a sabon sim, galibi mai rajista ake nema da kansa, da NIN ɗinsa, a ɗauki fuskarsa ko yatsunsa. Ke kina Sakkwato kina amarci, sai kin nemi izini kin fita, kin bi layi, an ba ki sabon sim, kin kai tasha an sa a mota. Duk kwanakin nan shago ba ya amsa kira, uwar amarya da ke son kayan jere nan da Juma'a ta riga ta tsallaka shagon gaba.

Yanzu ɗauki wayar, ki gwada abu biyu da hannunki. Danna *565*0#. BVN ɗinki zai fito a fuskar wayar, lambobi 11 cif. Danna *346#, ki bi abin da aka rubuta, in da layin kika yi rajistar NIN shi ma zai fito.  Duk wanda sim ɗin ke hannunsa zai iya yin haka, kuma wurinsa lambar OTP, wadda banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi, za ta zo, wurinsa lambar canza kalmar sirrin Gmail da Facebook za ta zo. Miƙa sim a yadda yake yanzu daidai yake da ki ba da mabuɗin shago alhali na ɗakinki da na akwatin gwala-gwalanki suna rataye a zobe ɗaya da shi. Ƙanwarki ba za ta buɗe ba, na yarda. Amma kin ɗora mata gadin abin da ba ta nema ba, kuma ranar da dubu hamsin ta yi ɓatan dabo a asusunki, ita za a fara kallo, ko da bakin kowa bai furta ba.

Don haka aikin yana da tsari, kuma tsarin shi ne rabin nasara. Kusan duk wurin da za ki canza lamba sai ya turo saƙon tabbatarwa zuwa tsohon layin, shi ya sa za ki gama komai tun yana hannunki kuma yana sunanki. Zuwa ofishin kamfanin layi shi ne na ƙarshe.

Ki fara da sayen sabon layi da NIN ɗinki a wannan makon. Tambayi dangin mijinki wane kamfani ne ya fi sabis a unguwar da za ki zauna, MTN ko Airtel ko Glo ko wani, don kada ki zaɓi wanda sai kin fita tsakar gida za ki ji magana. Ki zaɓe shi da niyyar zama da shi, domin shi zai ɗauki kuɗinki daga yanzu. Ki riƙa sa masa kati kina kira da shi. Layin da aka yi wata shida ba a taɓa shi ba kamfani na iya rufe shi, in ya ci gaba da kwanciya a sayar wa wani, da duk alat ɗin da ke biyo shi.

Daga nan sai banki, da ƙafarki, da katin shaida. Ki faɗa musu abu biyu kike so a canza: lambar da ke kan asusu, wadda alat da OTP ke zuwa, da lambar da ke kan BVN. Mutane da yawa suna canza ta farko su fito suna murna, ta biyun tana nan daram. In kina da asusu a banki biyu ko uku, kowanne sai kin taka. Ki ce a cire tsohon layin daga tsarin tura kuɗi ta danna lambobi, irin su *737# ko *894# ko *901#, gwargwadon bankinki. Lambar da ke cikin bayanan NIN ɗinki kuma a wurin hukumar NIMC, mai bayar da NIN, ake gyara ta, ana biyan kuɗin gyara.

OPay ɗin shi ne zai fi ba ki ciwon kai, kuma a nan nake so ki dage. Lambar asusun ita ce lambar wayar in an cire sifirin farko, haka PalmPay ma take, shi ya sa mutane ke ɗauka duk wanda ya mallaki layi ya mallaki asusun. Ba haka ba ne. Asusun yana ɗaure da BVN ko NIN ɗin wanda ya buɗe shi, kuma mayar da sim sunan ƙanwarki ba zai taɓa wannan ba. In kika bar mata shi, za ta riƙa juya kuɗi da sunanki, in aka ci bashi ta manhaja ke ake bi, in wani ya turo kuɗin da ake tuhuma aka daskarar da asusun ke za a kira. Ki sauke bayanan shige da ficen kuɗi na watannin baya ki adana, ki kwashe abin da ke ciki, sannan ki bi ta cikin manhajar ko ofishinsu a raba asusunki da wannan lambar, ko a rufe shi. Kafin ranar, ku sanar da kwastomomi sabon asusun shago a status da allon shago, ku ba su mako biyu ko uku su saba. Masu biyan kaya kaɗan-kaɗan da 'yan adashi ki kira su ɗaya bayan ɗaya, su ne za su tura wa tsohuwar lamba ba tare da sun duba ba. In akwai na'urar POS, ita ma da sunan wani aka karɓo ta, a yi mata irin wannan gyaran.

Abin da na fi so muku, tunda jari naki ne aiki nata, shi ne ku yi wa shagon rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunayenku biyu, ku buɗe asusun banki da sunan shagon. A nan ne za ku faɗa wa banki wa ke da ikon cire kuɗi, ko ɗaya ya isa ko sai ku biyu kun sa hannu, kuma ku nemi alat ya riƙa zuwa wa kowacce. Kina Sakkwato kina ganin ciniki ba tare da kin kira kin ce "nawa aka yi yau?" ba, tambayar da in ta yawaita take zama kamar tuhuma.

Gmail, Facebook, Instagram, TikTok, duk inda kika taɓa sa tsohuwar lamba don dawo da kalmar sirri, ki shiga ki musanya ta da sabuwa. Wannan aikin dare ɗaya ne.

WhatsApp kuwa lamba yake bi, bai san NIN ba. Ina ganin ki bar wa shago asusun da ake da shi, ke ki buɗe sabo a sabon layinki, saboda hirar kwastomomi, hotunan kaya, da wa ya biya wa ya saura duk suna can. Amma kafin ki miƙa, ki zauna ki share naki. Fita daga guruf na dangi, na ƙawayen makaranta, na kwamitin biki, a sa ki da sabuwar lamba. Hirarki da angonki, da ta ƙawar da ta taɓa faɗa miki sirrin gidanta, ki adana abin da kike so ki goge sauran. Sirrin mutanen da suka amince da ke ba naki ba ne da za ki bar wa wani gado, ko da 'yar'uwarki ce. Ki kashe ajiyar hira da ke tafiya Gmail ɗinki, a mayar da ita na shago. Akwai lambar sirri mai lamba 6 ta tabbatarwa mataki biyu: ƙanwarki ta sa tata, da imel ɗin da za ta iya buɗewa. In wayar za ki bar mata dungurungum kuma kina so ki wanke ta, ki fara cire asusun Google ɗinki kafin a goge, in ba haka ba wayar za ta tashi tana neman kalmar sirrinki, ku ƙare a wurin masu gyara.

Sai ofis. Ku tafi ku biyu, babban ofishin kamfanin, kada ku tsaya wurin masu rajista a ƙarƙashin lema a bakin titi. Ku riƙe sim ɗin, takardar NIN ta kowacce da katin shaida. Ku ce kun zo mayar da mallakar layi daga sunan wata zuwa wata. Za a ba ku fom, a tantance ki a matsayin mai bayarwa, a ɗauki hoton ƙanwarki da yatsunta, a duba NIN ɗinta. Kafin ku fito daga gida ki kira 300, lambar kula da kwastomomi ce a duk layukan tun da aka daidaita lambobin a 2023, ki tambayi takardun da za ku riƙo, domin wani lokaci ana neman wasiƙar amincewa ko takardar rantsuwa daga kotu. Ƙanwarki ta duba tun yanzu cewa sunanta da ranar haihuwarta a NIN daidai suke, saɓanin harafi ɗaya yana iya mayar da ku gida. Ki biya bashin katin da kika ara ta *303# in akwai. Ku karɓi wata shaida a rubuce, ko lambar aikin, kafin ku tashi. In an yi ta ja muku rai ba dalili, 622 lambar kai ƙara ce ta NCC, kyauta ake kiranta.

Batun yaron shago bai kamata ya jira biki ba, gobe za a gyara shi. Ba na zarginsa da komai. Aikinsa amsa saƙo ne, to a ba shi ikon amsa saƙo kaɗai. WhatsApp yana barin a jona na'urori har 4 da asusu ɗaya, a wurin da aka rubuta Linked devices. Ku samo ƙaramar waya ta shago, ku jona ta, ita zai riƙa riƙewa. Zai ga saƙo ya amsa, amma sim ba ya hannunsa, OTP ba ya zuwa masa, manhajar banki ba ta ciki. Ranar da ya bar aiki, ƙanwarki ta shiga ta cire wannan na'urar, shi ke nan, ba sai an canza komai ba. Ku sani dai wanda aka jona yana ganin duk hirar da ke asusun, wani dalilin ke nan da ya sa ƙanwarki ma kada ta mayar da layin shago na hirarta. Ta riƙe nata daban. Kuma in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, waɗanda aka jona suna fita da kansu. Ku canza lambar buɗe wayar, ku sa wa sim ɗin kansa PIN, yadda in an zare shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. In an kuskure PIN sau 3 sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, don haka a adana shi a gida. Tabbatar da shigar kuɗi kuma aikin ƙanwarki ne, a cikin manhaja za ta gani da idonta. Kada yaro ya saki kaya don an nuna masa hoton risit.

Ke ma za ki iya zama ɗaya daga cikin na'urorin nan huɗu daga Sakkwato. Amma ku yi magana a kai a fili, ta san kina gani, kuma ki riƙe hannunki. In ta faɗa wa kwastoma farashi, kada ki shigo ta bayanta ki rage. A shafin Facebook na shago akwai mai cikakken iko da mai iko kaɗan. Mai cikakken iko yana iya cire kowa, har wanda ya buɗe shafin. Ku biyu ku riƙe cikakke, yaro a ba shi na amsa saƙo da ɗora hoto.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Daga ranar da layin ya koma sunanta, kamfani ita kaɗai ya sani. In kun saɓa, ba ofishin da za ki je a dawo miki da shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ko ba saɓani, yarinya mai shekara 22 gobe za a zo neman aurenta, wataƙila a kai ta Kano ko Abuja, wataƙila mijin ya ce ba ya son kasuwa. Shi ya sa kafin ku je ofis za ku rubuta takarda, shafi ɗaya ya isa: jarin nawa ne a ranar miƙawa, kaya da kuɗi da bashin da ake bin mutane, yadda za a raba riba da lokacin rabawa, cewa lambar waya da shafukan sada zumunta na shago ne, an sa sunanta ne don ita ke riƙe da shi, da cewa in ta tashi bari, za ta je ofis ta mayar da layin ga wanda zai karɓa, kamar yadda kika yi mata. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kawunku da wani wanda Umma ke jin nauyinsa, kowacce ta riƙe kwafi.

Umma za ki samu ita kaɗai, bayan isha'i, ba a gaban ƙanwarki ba. Tsoronta kada a ce 'ya'yanta sun kai juna gaban hukuma, kuma tsoro ne na uwa mai hankali. Ki ce mata, "Umma, in layin ya ɓata ina Sakkwato, ba za a ba ta wani ba sai na zo. Ina so ne ya zama nata, kada ta riƙa jirana." Batun takarda kuma ki tuna mata cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Ba na jin za ta ja bayan wannan.

Ƙanwarki kuwa ta ji rabin magana ne, ta ji ana cewa kada a ba ta. Ki faɗa mata sauran: "Ba aro zan ba ki ba, sunanki za a sa." Wanda bai yarda da mutum ba ba ya mallaka masa lambar da ya yi shekara takwas yana ginawa. Ki tafi da ita banki da ofis, ta ga wahalar da kike sha don ki miƙa mata abu mai tsabta. Angonki shi ma ki nuna masa an biya masa buƙata, ba layin da zai rage a Kaduna da sunan matarsa.

Ina so masu karatu mata su tsaya a nan kaɗan. Da yawa a cikinmu layin da muke kasuwanci da shi miji ne ya yi masa rajista, ko wa, ko ɗa, lokacin da ake rububin haɗa NIN mu kuma ba mu samu fita ba. Ana zaune lafiya ba a jin komai. Ranar da aure ya mutu ko mai sunan ya rasu, sai a tarar mace da kwastomominta da alat ɗinta suna rataye a layin da ba ta da iko da shi. Na mamaci ya fi wuya, don sai an haɗo takardar shaidar rasuwa da takardun kotu kafin a saurare ki. Wadda ta san tana cikin wannan hali ta lallaɓa mai sunan su je ofis tun ana dariya da juna.

Ki fara yanzu, ƙanwata, kada ki bari sai an shiga hidimar lefe da ɗinki, domin gyaran banki da na NIMC ba lallai su kammala rana ɗaya ba. Ki ba kanki wata guda kafin ɗaurin aure. Ranar da za ki miƙa sim ɗin, ku zauna ku biyu da wayoyin a gabanku. Ki sake danna *565*0# da *346# a tsohon layin, ki tabbata ba naki ke fitowa ba. Ki sa wani ya turo naira ɗari asusunki na banki, ku ga a wace waya alat ya sauka. Ki gwada cewa kin mance kalmar sirrin Gmail, ki ga wace lamba aka ce za a tura wa saƙo. In ɗaya daga cikinsu ya nuna tsohon layin, ki mayar da sim ɗin jakarki ki koma wurin da bai gyaru ba, miƙawar ta jira zuwa wani makon.